Kunnen Bahago

Shafi na 27

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi nan, ku sarara min haka. Masu addu'ar Bahago ya auri Tabarau kuma ku huta da wahalar da kanku, labarin mai ganga nake rubutawa, ban ce muku akwai biki a ciki ba. Wanda yau ya shigo: Bahago ɗalibi ne a makarantar kiɗa, yana shekarar ƙarshe, shi ke riƙe da gangunan ƙungiyar jaz ta Malama. Ranar Asabar za su yi wasan da a nan za a zaɓi waɗanda za a tafi da su yawon wasanni. Kujerar mai ganga ɗaya ce, masu son ta su biyu.

*

Ɗakin gwajin ba shi da taga. Bangon duk soso ne, ƙasan tsohon kafet mai warin safa, sai fanka ɗaya da Malama ta hana a kunna, wai tana ɓata sauti. Kowa zufa yake yi.

Suna tsakiyar waƙar nan da Malama ta haɗa, wadda ta ɗauko kiɗan gargajiyar da Bahago ya koya wajen babansa ta ɗora masa jaz a kai. Malama na kan fiyano. Kumatu na busa saksofon, ido a rufe kamar kullum. Tabarau na tsaye da jitar bes daf da gangunan Bahago, inda shi da kansa ya roƙa a dawo da ita makon jiya, bayan Malama ta mayar da ita can bayan ginshiƙi.

Ana cikin tafiya sai Tabarau ta sa ɗan yatsa ta murɗe maɓallin muryar jitarta har ƙarshe.

Bes ta ɗauke ɗif.

Amma yatsunta ba su tsaya ba. Suka ci gaba da hawa da sauka a kan tsirkiya, kafaɗarta na rausaya, kamar babu abin da ya faru.

Kumatu ya buɗe ido. Malama ta ɗago kai.

Bahago kuwa bai fasa ba. Idonsa na kan hannun Tabarau, yana gyaɗa kai, har da ɗan murmushin nan da mai ganga ke yi wa mai bes idan tafiya ta yi daɗi. Haka ya yi ta bin kiɗan da babu shi har suka zagayo.

Malama ta ɗaga hannu, kowa ya tsaya.

"Me ya sami bes?"

Tabarau ta ce, "Waya ce, Malama. Ta saki."

"Ta saki kina ta kaɗawa?"

"Ban lura da wuri ba."

Kumatu ya goge baki ya ce, "Ni na ɗauka sabon salo ne. Bes a zuci."

Ɗan Gayu, ɗaya mai gangar da ke zaune a benci bakin ƙofa yana jiran ranarsa, ya ƙyalƙyale da dariya. Bahago ma ya yi, amma a makare, bayan ya dubi fuskokin mutane.

Malama ta ɗan jima tana kallonsa. Mace ce da ba a karanta fuskarta, yabo da faɗa duk da murya ɗaya take yin su.

Ta rufe fiyanon ta juyo ta fuskance su.

"Ku saurara. Ranar Asabar a duhu za mu buɗe."

Kumatu ya ce, "A duhu, ranki ya daɗe?"

"Za a kashe fitilun zauren gaba ɗaya. Bes za ta fara ita kaɗai. Bahago, ka ajiye sanduna, ka shigo a kanta da gangar gargajiya, hannu kawai. Sai kun yi nisa za a kawo haske, sauran mu shigo. Ina so mutane su ji kafin su gani."

Ɗan Gayu ya ce, "Kai, zai yi kyau."

"Ban tambaye ka ba. Gobe za mu gwada a nan. Ku tafi."

Bahago ya sunkuya yana ɗaure sandunansa da roba, ya kwance, ya sake ɗaurewa.

*

A ɗakin ajiyar kaya Tabarau ta same shi yana cusa faya-fayan ƙarfe cikin jaka. Ta shigo ta tura ƙofar da ƙafa.

"Malam, tsaya."

"Sauri nake, Baba na jira na."

"Yaya ka ji bes ɗina a zagayen ƙarshe?"

"Ai wayar ta saki."

"Ka sani kafin Malama ta tambaya?"

"Na sani mana."

"Shi ya sa kake min murmushi."

"Yanzu murmushin ma laifi ne?"

Ta cire tabaraun ta goge da gefen rigarta. Duk wanda ya san ta ya san in ta yi haka magana ce za ta fito.

"Wayata lafiyarta ƙalau. Ni na kashe."

Hannunsa ya tsaya a kan zif ɗin jakar.

"Don me?"

"Don in gani. Na kuma gani."

"Ba ki ga komai ba. Hankalina ne ya tafi wani wuri."

"Ran nan a matakala na kira ka, kana gabana, ba ka waiwayo ba. Na ce jan aji ne ya tashi. Da Malama ta mayar da ni bayan ginshiƙi, ka riƙa gudu da kiɗa kamar wanda kare ya biyo. Da aka dawo da ni kusa da kai, ka daidaita tsaf. Kullum idonka a kaina. Ni har na fara zaton kyau na ƙara."

Bai yi dariya ba.

"Ashe hannuna kake karantawa."

"Tabarau, don Allah..."

"Wane kunnen ne?"

Ya koma jan zif ɗin jakar.

"Bahago, da kai nake. Ko shi ma ba ka ji ba?"

Ya zauna a kan wata tsohuwar lasifika. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai sa idonsa.

"Na hagu. Ya tafi, saura kaɗan."

"Na daman fa?"

"Yana jin magana in wuri shiru ne. Amma da na fara kaɗawa, komai sai ya haɗe, kamar ruwan sama a kan kwano. Ba na raba ki da fiyano."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Ka je asibiti?"

"Na je."

"Suka ce me?"

"Wanda ya tafi ba zai dawo ba. Wanda ya rage in lallaɓa shi, in riƙa toshe shi in zan yi kiɗa."

"Kana toshewa?"

"In na toshe da me zan ji ku?"

"Yo dama jin mu kake yi?"

Ya sunkuyar da kai. Ita ma ta ga ta zafafa, ta jawo akwatin wata jita ta zauna a gefensa na dama.

"Wa ya sani?"

"Ke."

"Ko a gida?"

"Ko a gida. Ki duba fa, shekara da shekaru Baba yana zuba min abin da ke hannunsa. Da na ce zan shiga makarantar nan in koyi jaz, abokansa suka ce na watsar da gado. Shi ya ce a ƙyale ni, duk ganga ganga ce. Yanzu in je in ce masa me?"

"Ban sani ba. Amma ka ji nawa. Asabar ɗin nan ni ma tawa ce. In ka shigo a karkace a cikin duhun nan, babu wanda zai ce mai ganga ya kuskure. Cewa za a yi ƙungiyar Malama ba ta iya ba, a kwashe mu gaba ɗaya a zubar. Kumatu ya gaya wa duk danginsa zai hau jirgi."

"Na sani."

"Ka je ka gaya mata da kanka."

"Ta ba Ɗan Gayu kujerata ke nan."

"Wataƙila."

"Ba wataƙila. Wa zai tafi da mai gangar da ba ya ji?"

Ta jujjuya tabaraun a hannunta.

Ya ce, "Ki ba ni zuwa gobe."

"Gobe me zai canza? Sabon kunne za ka sayo a hanya?"

"Ki dai ba ni."

Ta mayar da tabaraunta ta miƙe.

"Zuwa gobe. In aka kashe wuta ka kuskure, da bakina zan gaya wa Malama. Ba kuma don na tsane ka ba."

"Na sani."

"Ba ka sani ba, amma ba komai."

Ta ɗauki jitarta ta fita.

*

Da la'asar ya isa gida. Inna na shanya kaya a tsakar gida, ta amsa sallamarsa da makaman wanki a baki. Ya wuce ɗakin ganguna.

Ga waɗanda suka manta, dokar Baba a ɗakin nan biyu ce tun Bahago na ƙarami. Ba a kaɗa ganga a ƙasa, ba a kuma hawa falanki da takalmi. Falankin nan dogon katako ne mai kauri da aka ɗora a kan gajerun ƙafafu, ya yi sulɓi don tsufa. Mai koyo yana zama a wannan ƙarshen, gangarsa a kai. Baba yana zama a wancan ƙarshen, ya ɗora tafin ƙafarsa, ya rufe ido. Duk wanda ya tambayi dalili, amsar ɗaya ce: ganga ba ta son ƙasa, sanyi ke shigarta.

Kowa a unguwa ya san kunnen Baba ya yi nauyi. Magana sai an fuskance shi, sai kuma Inna ta maimaita. Amma kowa ya yarda kiɗa daban ne a wajensa, domin ko yatsa ɗaya ka makara zai kama ka, ido a rufe.

Baba ya ce, "Ka makara, Auta."

"Gwaji ne ya ja mu."

"Zauna. Wanda muka tsaya jiya."

Ya ɗora ƙafafunsa, ya jingina da bango, ya rufe ido.

Bahago hankalinsa na can wajen duhun gobe. Igiyar takalminsa ta ƙulle, ya ja ta ƙara ƙullewa. Haushi ya sa ya ƙyale ta. Ya jawo gangar daga kan falanki ya ajiye a siminti tsakanin ƙafafunsa, abin da bai taɓa yi ba, ya fara kaɗawa.

Ya kaɗa sosai kuwa. Duk abin da ya kasa gaya wa Tabarau ya zuba wa fatar nan. Ƙwaryar da ke rataye a bango har rawa take yi. Ya yi zagaye ɗaya, ya shiga na biyu.

Sai Baba ya yi gyaran murya, ido a rufe.

"To fara mana. Me kake jira?"

Hannun Bahago ya tsaya a sama.

Ya dubi gangar. Ya dubi simintin. Ya dubi ƙafafun Baba a kan katako, yatsun a baje, a shirye.

Ya sake buga fatar sau ɗaya, da ƙarfi.

Baba ko gezau.

"Auta, barci kake?"

Da bai ji komai a ƙafarsa ba sai ya buɗe ido. Ya ga gangar a ƙasa. Ya ga fuskar ɗansa. Suka yi ta kallon juna.

Bahago ya ce, "Baba, ba ka ji ba?"

"Ɗago bakinka in gani."

Ya ɗago.

"Na ce ba ka ji ba? Tun ɗazu nake kaɗawa."

Baba ya sauke ƙafafunsa daga kan falankin ɗaya bayan ɗaya.

Daga bakin ƙofa Inna ta ce, "Ni dai na ji. Maƙwabta ma sun ji."

Ta shigo da bokiti a hannu, ta tsaya inda Baba zai ga fuskarta, kamar yadda ta saba.

"Gaya masa, malam. Ya girma."

Baba ya ce, "Me zan gaya masa? Ai ya gani."

Bahago ya ce, "Tun yaushe?"

Inna ta ce, "Tun kana goye. Rabonsa da jin muryar ganga ke nan."

"Amma duk wuraren da muka je wasa..."

"Ka taɓa ganin ya yi wasa da takalmi? Ka taɓa ganin ya yarda an raba shi da babbar ganga? A ƙirjinsa yake jin ta. Ni kuma da nake bin bayan kowace magana ina maimaitawa, kun ɗauka surutu ne ya yi min yawa. Har yayyenka cewa suke Inna rediyo."

Tausayin mutumin ya kama Bahago, tare da wani haushi da bai san na mene ne ba.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Baba ya ce, "Kai me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ni?"

"Na hagu ne, ko?"

Inna ta ajiye bokitin.

Baba ya ce, "Tun bara kake karkata kai in ana maka magana, kamar kaza ta hango shaho. Ni ma haka na fara. Na yi shiru ne in ga ranar da za ka zo da kanka."

Inna ta ce, "Auta, gaskiya ne?"

Ya gyaɗa kai.

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin falankin, da silifas ɗinta da komai, babu wanda ya yi mata maganar doka.

Baba ya ce, "Ni na tsayar da kai a gefen babbar ganga kana ɗan mitsitsi. Kullum a damana, kunnenka na hagu a jikin fata. Cewa na yi ko kai ka ji min abin da ba na ji."

Inna ta ce, "Na yi magana a lokacin."

"Kin yi."

"Shi ke nan. Ba yau ce ranar tonawa ba."

Bahago ya ba su labarin komai. Tabarau da maɓallinta, Malama da duhunta, Ɗan Gayu a benci. Ya yi maganar a hankali, yana kallon Baba. Wannan karon Inna ba ta maimaita ko kalma ɗaya ba.

Da ya gama Baba ya ce, "Abin yarinyar nan, bes ɗin, muryarsa kauri ce?"

"Kauri sosai."

"Daga ina take fita?"

"Daga lasifika. Akwati ne a ƙasa."

"Ana iya ɗaga shi?"

"Ana iyawa."

"Cire takalmin nan. Inna, ba shi wuƙa ya yanke igiyar."

Suka yi musanyar wuri. Bahago ya zauna inda Baba ke zama, ƙafa a kan katako. Baba ya ɗora ganga a ɗaya ƙarshen. Inna ta yago auduga ta miƙa masa.

"Toshe na daman. Likita ya faɗa, ni ma na faɗa."

Ya toshe, ya rufe ido. Duniya ta yi tsit.

Can sai ya ji wani abu a diddigensa. Ba sauti ba ne, motsi ne, kamar mota mai nauyi ta wuce bayan gida. Ya sake zuwa. Ya sake. Kafin ya ankara ya gane kiɗan, wanda suka tsaya jiya ne. Hannunsa ya fara bi a kan cinya.

Da ya buɗe ido Baba na kallonsa.

"Daɗin ba zai zo ta nan ba, kada ka sa rai. Wannan ya wuce. Amma lokaci zai zo, ba ya kuskure. Sauran yana kanka, ai ka san waƙar."

Ya ciro audugar don ya ji muryar kansa.

"In na tafi da shi, kai fa?"

"Ni ina zan je? Ka dai dawo min da abina. Ko ƙwarzane ɗaya na gani, ni da kai ne."

Tun da aka haifi Bahago falankin nan bai taɓa fita daga ɗakin ba. Sai da suka karkata shi kafin ya wuce ƙofa.

*

Washegari ya riga kowa zuwa. Direban bas ya ƙi ɗaukarsa da katakon, don haka a kafaɗa ya kawo shi, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Ya shimfiɗa shi a ɗakin gwaji. Ya ɗora lasifikar bes a wancan ƙarshen, ya ajiye kujerarsa a wannan, gangar gargajiya a gabansa. Ya cire takalmi da safa ya tura ƙarƙashin kujera.

Tabarau ta shigo ta tsaya.

"Sabon kunnen ke nan?"

"Jona jitarki."

Ta jona. Ya toshe kunnen dama da auduga, ya rufe ido, ya juya mata baya ma gaba ɗaya.

Ta fara. Ya shigo daidai.

Ta ja da baya da gangan, ya bi ta. Ta ƙara sauri, ya bi ta. Ta murɗe maɓallin ta ci gaba da motsa yatsu, ya tsaya cak.

Ya juyo ya ciro audugar.

"Kin kashe."

Ta daɗe tana kallon katakon.

"Ikon Allah. Wa ya koya maka?"

"Gado ne."

"Bai canza komai ba fa. Yau ka tsira, gobe ka tsira, wata rana sai ka faɗa mata."

"Bayan Asabar."

"Haka kowa ke cewa."

Amma ya ga ta saki fuska. A karon farko tun bara ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi.

Kumatu ya shigo ya yi tuntuɓe da bakin falankin.

"Kai, wa ya kawo kafinta? Ko gado za a haɗa mana mu riƙa hutawa?"

Ɗan Gayu ya biyo bayansa, ya zauna a bencinsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sandunansa sababbi fil a cinya.

Malama ce ƙarshe. Ta ajiye jakarta a kan fiyano. Ta dubi falankin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ta dubi lasifikar da ke kai. Ta dubi ƙafafun Bahago.

"Wannan fa?"

Ya ce, "Ganga ba ta son ƙasa, Malama. Sanyi ke shigarta."

"A ɗakin nan akwai sanyi?"

"Haka dai Baba ya ce."

Kumatu ya ce, "In akwai sanyi a ɗakin nan a nuna min inda yake, in koma can."

Malama ta ce, "Takalmin naka ma sanyin ne?"

"Dokar falankin ce."

Tabarau ta sunkuya tana gyara tsirkiyar da babu abin da ya same ta.

Malama ta ce, "To. Kowa ya shirya."

Bahago ya faki ido ya mayar da audugar kunnen dama, ya danna ta sosai. Ya baje yatsun ƙafarsa a kan katako, kamar yadda ya ga Baba na yi. Ya ɗaga hannuwansa sama da fatar.

Malama ta nufi makunnin wuta da ke bakin ƙofa. Ta ba su baya. Tana tafiya take magana, da muryar nan tata da ba ta hawa ba ta sauka.

"Na sake shawara jiya. Ganga ce za ta fara, ita kaɗai. Daga can waƙar ta fito, can ya kamata a fara ji. Tabarau, kada ki taɓa tsirkiya sai ya kafa miki hanya."

Kumatu ya ce, "To."

Ɗan Gayu ya gyaɗa kai.

Bahago ya ga ana gyaɗa kai, shi ma ya gyaɗa.

Tabarau ta juyo da sauri. Ta buɗe baki, ta ɗaga hannu za ta nuna masa ƙirjinsa, alamar shi zai fara.

Ƙit.

Duhu ya rufe ɗakin, ko tafin hannu ba a gani.

Shiru.

Tabarau ta ɗora yatsa a kan tsirkiya. In ta buga, Malama za ta tambayi dalili, kuma ba ta da wata wayar da za ta ce ta saki. In ba ta buga ba, ta san ba zai taɓa farawa ba.

Kumatu ya yi tari.

Bencin Ɗan Gayu ya yi ƙara, alamar ya gyara zama.

Daga bakin ƙofa Malama ta ce, "Bahago, muna jiranka."

Babu amsa.

Aka ji takunta a kan kafet. Ta san ɗakin nan ko da ido rufe. Ta wuce fiyano, ta zagaye ginshiƙi, ta zo ta tsaya a gefensa na hagu, har gefen rigarta na kusan taɓa kafaɗarsa. Ta sunkuyo daidai kunnensa.

"Bahago."

Shi kuwa yana zaune, hannu a sama, tafin ƙafa a kan katakon Baba, yana jiran Tabarau ta fara.